Katin wasan koyon Turanci da na saya wa ɗalibaina a Jos

Ina koyar da darasin yamma a zauren gidanmu da ke Unguwar Rogo, kuma yawancin yaran da ke zuwa masu shirin rubuta WAEC ne ko JAMB. Abin da ya fi ba su wahala a Turanci shi ne aikatau mai ɗan rakiya, irin su give up da look after, domin idan kalmomin biyu suka haɗu ma'anarsu ba ta bin ta kowace ɗaya. Na sha cika allo da su don a haddace, amma bayan mako guda sai in tarar kamar da kwando na ɗebi ruwa. Gajiya ce ta sa na sayi katin nan da ake ta talla a Facebook, ba yarda da shi ba.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Jajayen kati na aikatau ne, shuɗɗa kuma na 'yan rakiya irin su up, off da out, sai yaro ya zari ɗaya daga kowane ɓangare ya gina jimla kafin daƙiƙa 30 su cika.

A daren Laraba ta farko, ana sanyin nan na Jos da ke sa kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, wata yarinya ta zaro put da off. Ba ta ɓata lokaci ba ta ce put off the light, duk zauren ya tafa mata, domin haka muke ji a gida da kasuwar Taminus tun muna yara. Sai wani yaro da ya yi wata uku yana zuwa ban taɓa jin muryarsa da kyau ba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ban yarda ba, put off ai ɗage abu ne zuwa wani lokaci, kamar yadda aka ɗage ɗaurin auren yayata." Gardama ta kaure, har waɗanda suka saba gyangyaɗi suka miƙe tsaye. Muka buɗe littafin amsa na wasan, ga shi kuwa yaron ne da gaskiya, domin a daidaitaccen Turanci kashe fitila turn off ne ko switch off. Daga nan na samu hanyar nuna musu cewa turn it off ake cewa, ba turn off it ba, ƙa'idar da na yi shekara ina nanatawa ba ta zauna ba. Har yau idan aka ɗage darasi sai ka ji suna tsokanar juna da put off. A daren nan da an tambaye ni, da na ce kuɗina sun yi albarka.

Sai dai a mako na uku raina ya ɓaci matuƙa. Littafin amsar da na sa yara su ɗauka a matsayin alƙali ya fassara take after da bin bayan mutum a guje, alhali ma'anarsa da aka fi sani ita ce ɗa ya yi kama da mahaifinsa ko wani babba a dangi. Yarinyar da ta ba da amsa daidai aka cire wa maki, ni kuma hankalina yana kan wani rukuni, sai da ta zo tana hawaye na gane. Dole na ba ta haƙuri a gaban kowa, sannan na kwana ina bin littafin layi bayan layi da ƙamus, na gyara wurare huɗu da biro. Na aika wa mai sayarwa hoton kurakuran ta WhatsApp, ya karanta, har yanzu bai ce uffan ba.

Bayan haka ne ma na lura a cikin katin babu aikatau masu kalma uku irin su put up with da run out of, waɗanda ɗalibai ke yawan tuntuɓe a kansu, sai da na yanka kwalin sukari na rubuta su da kaina. Takardar katin kuma ba ta da kauri, gefenta ya riga ya fara tsagewa. Muna ci gaba da wasan kowace Laraba saboda yaran ba za su bar ni in daina ba, amma littafin amsar yana aljihuna, ba na ba kowa shi.