White Mage ko Astrologian? Ga tawa amsar

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne za ka ɗauka tsakanin White Mage da Astrologian, masu jinya biyu (masu warkar da 'yan ƙungiya) a wasan intanet na Final Fantasy XIV. Ɗauki White Mage ka huta.

Da shi na fara, tun yana Conjurer, matakinsa na farko, a birnin Gridania na cikin wasan, har ya zama White Mage a mataki na 30. Wani dare a daminar bara ina ɗaki a Unguwar Rimi, an ɗauke wuta, ina kan laftof da datar waya, ruwa kamar da bakin ƙwarya, netwok na zuwa yana tafiya. Tankinmu, wato mai tare wa ƙungiya duka, mai zafin kai ne, ya kwaso dodannin hanya gaba ɗaya ko waiwaye babu. Allo ya daskare, ko da ya dawo jininsa saura ƙiris. Benediction, sihirin cika jini, na danna, nan take ya cika taf. Na bi da Holy, dodannin suka sandare, har na samu na gyara zama. Minti uku Benediction ke yi kafin ya dawo, amma ranar shi ya fitar da ni kunya.

Mu nan sabar Turai ce kusa da mu, Chaos ko Light, kuma ka san halin netwok ɗinmu a Kaduna. White Mage yana yafe jinkiri. Astrologian ba ya yafewa: da katuna yake aiki, ka zaro kati, ka nemo wanda za ka ba, ka koma kan dodo, duk a tsakanin sihiri biyu. Na kai shi mataki mai nisa, to, yana da kyan kallo, iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Abin da ya fi ƙona wa tsofaffin 'yan wasa rai shi ne yadda ake ta sauya masa kamanni. Da ya fito a Heavensward, ƙarin babin wasan na 2015, katunansa shida kowanne da aikinsa: Balance na ƙara ƙarfin duka, Bole na rage rauni, Arrow na ƙara sauri. A Shadowbringers, 2019, aka mayar da su duka na ƙarin duka. Endwalker ya zo a 2021 aka cire masa Nocturnal Sect, salonsa na garkuwa, aka bar garkuwa ga sauran masu jinya, Scholar da sabon Sage. Dawntrail a 2024 ya sake juya katunan. Ka koya yau, gobe a ce ba haka ba. White Mage kuwa har yanzu za ka gane shi.

Amma ba zan ɓoye maka ba, shi ma yana da nasa. Idan ƙungiya ta iya wasa, aikinka sihirin duka ne kawai, Glare, Glare, Glare, sai Dia jefi-jefi, har yatsa ya gaji. Ga tanki irin Warrior yana yi wa kansa magani da Bloodwhetting kamar ba ka wurin. Irin wannan ne ya sa masu jinya suka yi shelar yajin aiki gab da fitowar Dawntrail, wai an mayar da su 'yan rakiya. Ban shiga ba, amma ban ga laifinsu ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu tallan asusu da gil, kuɗin cikin wasan, a guruf-guruf na WhatsApp. Na taɓa tura wa wani kuɗi kan asusu wai duk masu jinyar sun kai ƙarshe. Sati bai cika ba ya ƙwace abinsa ta imel ɗinsa, ya toshe lambata. Ba inda zan kai ƙara, don dokar wasan ma ta hana wannan cinikin. Akwai gwajin kyauta, kuma White Mage da Astrologian duk suna ciki. Buɗe naka da imel ɗinka, ka zaɓi Light, ka tafi Gridania. In ka kai mataki na 30 ka taɓo ni, zan riƙe maka tanki a zagayen farko.