Dabbar Inji Ga Tsoho Mai Gigin Tsufa: Abin Da Iyali Za Su Auna Kafin Su Saya

Iyalai da yawa a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yauri suna da tsoho ko tsohuwa da gigin tsufa ya fara taɓawa, alhali 'ya'yan da ke ɗaukar nauyinsu suna aiki a Abuja, ko Legas, ko ma ƙetare. Irin waɗannan 'ya'ya ne kan fara cin karo da tallan dabbobin inji, wato na'urori masu siffar kyanwa ko kwikwiyo waɗanda ke motsi da kuka idan an shafa su, aka kuma ƙera su musamman domin ɗebe wa tsofaffi kewa. A Japan, Denmark, Amurka da Ostareliya an daɗe ana amfani da su a gidajen kula da tsofaffi, kuma daga can ne galibin binciken da ake kafa hujja da shi ya fito. Mu kuwa tsofaffinmu a cikin gida suke, tsakanin surukai da jikoki, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga wutar lantarkin da ba ta zama, saboda haka abin da ya dace da ma'aikaciyar jinya a Tokyo ba lallai ne ya dace da matar da ke jinyar surukarta a unguwar Badariya ba.

Kafin a yi maganar saye, a fara kai tsohon gaban likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutanen da ke fama da wannan lalura sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, don haka ba ciwon Turawa ba ne, ba kuma maita ko sammu ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka. Sai dai ba kowane ruɗewa ne gigin tsufa ba. Tsohon da ya rikice cikin kwana biyu ko uku yana iya kasancewa ciwon fitsari ne ke damunsa, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko sukari da ya hau ko ya sauka, kuma wanda ya daina shiga hira yana iya kasancewa kunne ne ya yi nauyi. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato wurare ne da za a iya neman wannan tantancewa. Babu na'urar da za ta warkar da ciwon da ke buƙatar magani.

Wadda ta fi suna cikin waɗannan dabbobi ita ce PARO, wadda Takanori Shibata, wani injiniya a cibiyar binciken masana'antu ta gwamnatin Japan, ya fara aiki a kanta tun 1993. An yi ta ne a siffar jaririn wata dabbar teku ta yankunan ƙanƙara, wadda a fasali ta fi kusa da ayun da masuntan Yauri suka sani, sai dai ita fara ce sol mai laushin gashi, kuma nauyinta bai kai kilo 3 ba. Da gangan aka zaɓi dabbar da mutane ba su saba da ita ba, domin wanda ya san kyanwa nan da nan zai gane inda ta inji ta kasa ta gaske. Tana jin taɓi, tana bambance haske da duhu, tana juyowa wajen murya, tana lumshe ido idan an shafa ta, kuma a hankali takan saba da sunan da ake kiranta da shi. Ba ta tafiya, ana rungumarta ne a cinya, ana kuma yi mata caji da wani abu mai kama da abin tsotson jarirai da ake sa mata a baki. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya ta cikin kayan jinya.

Farashinta ya kai kimanin dala 6,000, wato miliyoyin nairori, kafin a sa kuɗin dako da na kwastan, kuma idan ta lalace babu mai gyaran rediyo ko waya a kasuwanninmu da zai iya taɓa ta, sai an mayar da ita ƙasar waje. Saboda wannan kuɗi ya kamata mai saye ya san abin da bincike ya gano. A 2017 masu bincike na Jami'ar Griffith, ƙarƙashin jagorancin Wendy Moyle, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da tsofaffi 415 masu gigin tsufa a gidajen kulawa 28 na jihar Queensland a Ostareliya. Sun raba su uku: wasu aka ba su PARO mai aiki, wasu aka ba su irinta amma a kashe, ta zama 'yar tsana kawai, sauran kuma aka ci gaba da kula da su yadda aka saba. Ana ba su ita minti 15, sau uku a mako, har mako 10. Waɗanda suka sami mai aikin sun fi yi mata magana da kallonta, kuma hotunan bidiyo sun nuna sun fi walwala da kwanciyar hankali a kan waɗanda ba a ba komai ba. Amma 'yar tsanar ma ta yi tasiri, kuma da aka auna rigima da tashin hankali da ma'aunin da ma'aikata ke cikewa, ba a ga bambanci tsakanin rukunan uku ba. Da suka dawo suka lissafa kuɗi, sai suka ga 'yar tsanar ta ɗan fi biyan kuɗinta. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa PARO kayan asibiti ce ko gidan gajiyayyu mai ma'aikata da mai ɗaukar nauyi, inda mutane da yawa za su amfana da guda ɗaya. Iyali ɗaya da ke da irin wannan kuɗi gara su ɗauki mai jinya na shekaru, su sa sola da fanka a ɗakin tsohon.

Karen inji na kamfanin Sony mai suna aibo ba ya buƙatar dogon bayani. Ya fara fitowa a 1999, aka dakatar da shi a 2006, aka sake fito da sabo a 2018 a kan kusan dala 2,900 a Amurka. Yana tafiya, yana gane fuskoki, kuma wani bincike na Jami'ar Saint Louis a 2008 ya nuna tsohon samfurinsa ya rage wa mazauna gidajen tsofaffi kaɗaici kusan yadda kare mai rai ya yi. To amma jikinsa roba ce mai tauri da ba ta daɗin runguma, yana dogara da intanet da rajistar da ake sabuntawa, an yi shi ne don ɗakuna masu santsin daɓe marasa yashi, kuma abin da ke yawo a ƙasa haɗari ne ga mai sanda ko mai raunin gani. Bai dace da gidajenmu ba.

Wadda ta fi kusa da ƙarfin mai matsakaicin hali ita ce kyanwar Joy for All, wadda kamfanin kayan wasa na Hasbro ya fitar a 2015, ya biyo ta da kwikwiyo a 2016, kafin sana'ar ta koma hannun kamfanin Ageless Innovation a 2018. Farashinta a Amurka bai kai dala 200 ba, ko da yake idan aka juya shi zuwa naira aka haɗa da dako zai ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ba ta da wayon PARO, ba ta koyon komai, amma tana yin abin da tsoho ya fi lura da shi. Idan aka shafa bayanta sai ta fara gurnanin nan na kyanwa da ake ji har a tafin hannu, ta buɗe ido ta rufe, ta ɗaga ƙafa kamar tana lasa, idan aka ci gaba ta mirgina ta ba da ciki, idan aka ƙyale ta kuma ta yi shiru kamar ta yi barci. Ba ta sauka daga cinya, ba ta buƙatar intanet ko caji. Ofishin kula da tsofaffi na jihar New York ya fara raba irinta tun 2018 ga tsofaffin da ke zaune su kaɗai a gidajensu, kuma ya raba dubun-dubata, wanda ke nuna ana amfani da ita a gida ba a gidan kulawa kaɗai ba.

Matsalarta a nan batir ne. Tana cin guda huɗu masu lamba C, matsakaita ke nan, sun fi na rimot girma amma ba su kai manyan na tocila ba, kuma ba kowane mai tireda ke ajiye su ba. Duk wanda zai aiko da ita ya haɗo da batura masu yawa, ko ya tabbatar akwai shagon da ke sayar da su a gari, domin tsohuwar da ta shaƙu da ita za ta shiga damuwa ranar da ta shafa ta ta ga ba ta motsi, har ta ɗauka mutuwa ta yi.

Tsakanin kyanwa da kwikwiyo, kyanwa za a zaɓa, sai fa idan an san tsohon mafarauci ne ko makiyayi da ya rayu da karnuka. Yawancin dattawanmu ba za su yarda a ɗora musu siffar kare a cinya ko kusa da buzun salla ba, alhali kyanwa tana da gurbi a addini, tunda a Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya mutane a gida. Duk da haka akwai abubuwa biyu da ba za a tsallake ba. A mazhabar Malikiyya akwai magana mai ƙarfi a kan ajiye sura mai jiki ta abu mai rai, tare da sassaucin da aka yi wa 'yar tsanar yara mata, don haka a tambayi malamin da gidan ya amince da shi, a kuma bayyana masa cewa don jinya ne ba don ado ba. Sannan mutanenmu da yawa sun taso da tsoron kukan kyanwa da dare, suna danganta shi da mayu ko aljanu, kuma mai gigin tsufa ya fi rikicewa daga la'asar sakaliya zuwa dare. A cikin kyanwar, kusa da wurin batir, akwai maɓalli mai hawa uku, na kunnawa, na kashe sauti da na kashewa gaba ɗaya. A riƙa kashe ta kafin magariba, a kuma ɗauke ta daga ɗakin kwana.

Akwai zaɓi biyu da ba su zuwa a talla. Na farko 'yar tsana ce mai laushi ta 'yan dubban nairori, wadda binciken Ostareliya ya nuna ba abin rainawa ba ce, kuma ita ce gwaji mafi sauƙi: idan tsohuwa ta karɓe ta, ta rungume, ta sa mata suna, akwai alamar za ta karɓi mai motsi, idan kuma ta ture ta ta ce an mayar da ita yarinya, an tsira da kuɗin. Na biyu dabba ce mai rai. Ga tsohon da hankalinsa bai gushe ba, kaɗaici ne kawai ke cinsa, babu injin da ya kai akuya ɗaya ko kaji ko tantabaru, musamman ga dattawan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu da garkensu suka dawo birni suna zaman ɗaki. Tsohuwar da ke fitowa da safe ta watsa wa kajinta tsaba, ta ƙirga su da yamma, tana da abin da yake nata, tana da dalilin motsa jiki, kuma tana da abin sayarwa idan biki ya taso. Amma idan gigin ya yi nisa, dabba mai rai takan zama nauyi ga mai jinya, kuma yaƙushin kyanwa a fatar tsoho mai ciwon sukari yana iya zama gyambo. A nan ne ta batir ke da fifiko.

Wajen saye a yi hattara da tallace-tallacen Facebook da ke nuna kwikwiyo yana gudu da tsalle kamar mai rai a kan kuɗi kaɗan, domin sau da yawa abin da ke isowa ƙaramin kayan wasan yara ne mai ƙara. Hanya mafi aminci ita ce ɗan'uwa da ke Amurka ko Ingila ya saya daga kamfanin ko daga babban shago, ya gwada ta a can, ya ba mai zuwa gida. Ba a wanke ta da ruwa, ana goge gashin ne da tsumma mai ɗan laima a taje shi, a rufe ta da mayafi lokacin hunturu, kuma kada a bar ta a rana ko cikin mota a watan Afrilu. A ja wa jikoki kunne tun ranar farko, domin idan ta zama abin wasansu ba za ta yi wata guda ba. Idan a gidan gajiyayyu ne ko ɗakin asibiti da za ta riƙa zagaya hannaye, a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin mutum da mutum, a kuma hana ta ga mai buɗaɗɗen ciwo ko tari.

Yadda za a gabatar da ita ma yana cikin lissafin saye. Kada a yi wa tsoho ƙarya a ce mai rai ce. A zauna kusa da shi, a ajiye ta a gefen tabarma, a ce, "Inna, ga wata kyanwa ta batir da Yaya ya aiko miki, taɓa ki ji laushinta," sannan a bar ta ta miƙa hannu da kanta. Idan daga baya ta ɗauke ta a matsayin mai rai, ba sai an yi gardama da ita ba, amma a lura kada ta fara hana kanta abinci don ta ba ta, ko ta ƙi barci don gadinta. A gwajin Ostareliya ma minti 15 ake bayarwa, ba wuni guda ba, kuma a gida amfaninta ya fi fitowa idan akwai wanda ke zaune yana jan hira a kanta, yana tambayar tsohuwar dabbobin da ta kiwata a gidan mahaifinta. A ba abin mako biyu, a riƙa kawo ta da hantsi ko bayan azahar lokacin da hankali ya fi kwanciya. Idan har lokacin tana kawar da kai ko tana firgita, a cire baturan kada su zube a ciki, a goge ta, a miƙa wa wani gidan da ke da mai irin wannan lalura.