Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar: wanne za ki fara ɗauka?

Ƙanwata, tambayarki ta iso ni tun makon jiya. Kin ce kin gama Magana Jari Ce duka ukun, yanzu an kawo miki Ruwan Bagaja da Shaihu Umar daga Zariya, kina son ki san wanda za ki fara buɗewa, da kuma wanda ya dace ki miƙa wa yaronki mai shekara 12 a wannan hutun. Da gangan na jinkirta amsa, don ban so in ba ki abin da na tuna tun muna 'yan sakandare ba. Na zaro nawa daga ƙasan kwali, bangon ɗaya har ya rabu da jikinsa sai da na liƙe shi, na sake karanta su cikin kwana huɗu. Su ne littattafan da na gama a wannan makon, don haka abin da zan faɗa miki da zafinsa yake.

Amsar a taƙaice: ku fara da Ruwan Bagaja ke da yaron tare, kina karantawa da baki yana ji. Shaihu Umar kuwa ki fara karanta shi ke kaɗai, cikin dare bayan gida ya yi shiru, kafin ki yanke shawarar lokacin da za ki ba shi.

Littattafan nan biyu kusan tagwaye ne. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, kuma daga wannan yunƙurin ne aka samu littattafai biyar da har yau ake kiran sunansu tare: waɗannan biyun, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. An haifi Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, a 1911, Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, kuma a 1912. Kin ga ke nan samari ne da ba su wuce shekara 22 ba lokacin da suka riƙe alƙalamin, dukkansu sun yi Kwalejin Katsina, dukkansu malaman makaranta. Har tsarin buɗe labarin ma ya yi kama, domin a kowanne mutum ne yake zaune yana ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Alhaji Imam, gwarzon Ruwan Bagaja, yana ba Koje Sarkin Labari nasa a Kwantagora, Shaihu Umar yana ba almajiransa nasa a Rauta bayan sun tambaye shi asalinsa. A kowanne kuma akwai doguwar tafiya da barin gida. Daga nan hanyarsu ta rabu.

Ruwan Bagaja littafin kunne ne. Na gane haka ne ranar Talata da aka ɗauke wuta bayan isha'i. Ina zaune a tabarma da tocila ina karantawa a zuci, sai na ga ina ta wuce layuka ba tare da sun kama ni ba. Yara suka zo suka kewaye ni, ƙaramar ta ce in karanta da ƙarfi. Ina ɗaga murya littafin ya tashi da rai. Jimlolin Imam an gina su ne don numfashin mai magana: ya san inda za ki tsaya, inda za ki ja, inda karin magana zai faɗo daidai kamar an auna. Duk sanda Malam Zurƙe, abokin karon Alhaji, ya sake ɓullowa a wani sabon gari, yaran nan sai su fara dariya tun kafin ya yi komai, don sun san wani zai sha wuya, ko shi ko Alhaji. Har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar abin da ake yi.

Zaren labarin ba shi da wuyar riƙewa. Ɗan sarki ba shi da lafiya, aka ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka wulaƙanta malamin da ya faɗi haka, shi kuwa Alhaji Imam ya ɗaura ɗamarar sai ya nemo ruwan ya wanke wannan wulaƙanci. Amma gaskiya ruwan dalilin fita ne kawai. Abin da ya cika littafin shi ne abin da ake gamuwa da shi a hanya, gari bayan gari, dabara bayan dabara, ramuwa bayan ramuwa tsakaninsa da Zurƙe, har a dangana da duniyar aljanu. Wanda ya taɓa zama a zaure ya ji ana karanta Maƙamatul Hariri zai gane ƙirar nan take, mutum biyu da suke ta karo da juna a garuruwa daban-daban, ɗaya kullum da sabuwar yaudara. Imam bai ɓoye cewa ya ɗebo daga irin waɗannan littattafai ba. Gwanintarsa ita ce yadda ya sa wa abin da ya ɗebo riga da hula na gida, har ki rantse a Kwantagora aka haife shi. Tunda kin gama Magana Jari Ce, za ki ga a nan ne hannun ya fara faɗawa, shekaru kaɗan kafin ya rubuta wancan.

Inda yake da rauni a gare ni shi ne, za ki iya ɗauke wani ɓangare daga tsakiya ki mayar da shi gaba, labarin ba zai ji a jikinsa ba. Kuma Alhajin da ya dawo gida kusan shi ne Alhajin da ya fita, tafiyar ba ta sauya shi sosai ba. Akwai kuma abin da ya kamata ki sani a matsayinki na uwa: gwarzon labarin mai wayo ne, kuma wayon nasa sau da yawa cuta ce tsagwaronta. Wannan ne dalili na biyu da ya sa na ce ku karanta tare. Idan an yi dariya an gama, sai ki tambayi yaron, to wanda aka yi wa wannan fa, yaya ya kwana? Na gwada da nawa, kuma amsoshin da suka ba ni sun fi labarin tsawo.

Shaihu Umar kuwa ba ya neman ki yi dariya ko sau ɗaya. Hausarsa a miƙe take, babu ado mai yawa, kamar dattijo mai kunya da yake faɗin abin da ya same shi ba tare da son a tausaya masa ba. Da ina yarinya wannan ne ya sa na ɗauke shi littafi mara armashi. Yanzu na gane sanyin muryar ne yake sa abin ya shige ki. Ana ba ki labarin an sace yaro, an sayar da mace, an kori mutum daga garinsa, duk da murya ɗaya, irin muryar da ake ba da labarin damina da rani. Sai ki ajiye littafin ki ce, ashe haka abin ya zama ruwan dare har ba a ɗaga murya a kansa.

Zan ɗan buɗe miki labarin, ki yi haƙuri, sanin ƙarshensa ba ya rage masa nauyi. Umar maraya ne daga Kagara, sunan garin da aka haifi shi kansa Abubakar Imam, abin da ya ba ni sha'awa da na lura. Mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden sarki. 'Yan'uwansa fadawa suka yi masa hassada, suka yi masa ƙazafi a kan bayin da aka kamo a wani hari, aka kore shi daga gari. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta kafin ta bi mijinta, ta bar yaron a hannun amana, aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya faɗa wurin wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami kuma limami.

Sunan Umar ne a bango, amma a wannan karatun na ga littafin na uwarsa ne. Ita ce ta ƙi zama. Ta fita neman ɗanta ita kaɗai, mace ba rakiya, a zamanin da hanya take cin mutane, kuma hanyar ta ci ta: aka yaudare ta, aka mayar da ita baiwa, aka ƙetare da ita saharar nan da aka ƙetare da ɗanta. Ki duba yadda rabo ya raba su. Bauta ɗaya ce ta kama su, shi ta kai shi ga allo da littafi da girma, ita ta kai ta ga wahala da ƙasƙanci har jikinta ya ƙare. Sun sadu a ƙarshe, bayan shekaru masu yawa, kuma ba ta daɗe ba ta rasu. Na karanta wannan wurin da misalin ƙarfe ɗaya na dare. Na rufe littafin, na tashi na shiga ɗakin yara na tsaya a kansu ina ƙirga su da ido, alhali na san duk suna nan.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda nake son mu tattauna idan kin gama. Makau mutumin kirki ne a labarin, ana so mu tausaya masa, kuma na tausaya masa. Amma laifin da aka ƙaga masa a kan rabon bayi ne, wato shi kansa ya je harin, ya kamo 'ya'yan wasu. Waɗancan ma suna da uwaye. Littafin bai tsaya ya faɗi haka ba, bai kuma fito fili ya la'anci cinikin bayi ba. Abdulkarim ma, mai alherin nan, fataucinsa ya haɗa da mutane. Wasu masu karatu suna ganin wannan gazawa ce, suna cewa marubucin ya lulluɓe abin da haƙuri da ƙaddara. Na fahimci ƙorafinsu, kuma ban ce babu gaskiya a ciki ba. Amma ki tuna lokacin. Sai a 1936 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, shekara uku bayan gasar. Wato lokacin da saurayin nan yake rubutu a Bauchi, waɗanda aka kama da waɗanda suka yi kamun duk suna raye, suna haɗuwa a kasuwa da masallaci. A irin wannan hali ya zaɓi ya ɗora labarinsa a kan yaron da aka sace da uwar da aka sayar, ya sa mai karatu ya bi sawunsu har cikin rairayi. Ni a wurina wannan zaɓin magana ce babba, ko da bai ɗaga murya ba. Kuma idan kin tuna wannan saurayin ne ya zama Firayim Minista, aka kashe shi a Janairun 1966, sai sanyin muryar littafin ya ƙara yi miki wani iri.

Shi ma yana da nasa raunin. Ƙarshen ya zo da gaggawa, guguwar rairayi ta tashi, ayari ya hallaka, Umar ya tsira, kafin ki gyara zama an iso Rauta an rufe. Umar ɗin kansa ya cika tsarki, da wuya ki kama shi da fushi ko kuskure, abubuwa ne suke faruwa da shi. A nan Alhaji Imam ya fi shi jini a jika nesa ba kusa ba. Da a ce za a ba ni abokin tafiya a mota daga Kano zuwa Sakkwato, Alhaji zan ɗauka. Amma kwana uku ke nan da gama su, kuma uwar Umar ce take dawo mini a rai ina tsakar wanke-wanke.

Game da yaronki, shekara 12 ba ta yi kaɗan ga Shaihu Umar ba ta fuskar Hausa, zai karanta shi ba tare da tuntuɓe ba, ya ma fi Ruwan Bagaja sauƙin kalmomi. Nauyin abin da ke ciki ne nake dubawa. A kwanakin nan da satar mutane ta zama abin da yara suke ji a rediyo da bakin manya, labarin yaron da aka ɗauke daga gida ba tatsuniya ba ce a kunnensu. Ke kika san ɗanki. Idan mai riƙe abu a zuci ne, ki bari sai kun gama dariyar Zurƙe, sannan ku shiga wannan a hankali, da rana, kina kusa. An mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976, amma kada ki bari ya ga ko ɗaya kafin ya karanta, don ya fara ƙera fuskar uwar nan da kansa.

Dukkansu sirara ne, kowanne ba zai ci miki fiye da yini ɗaya ba idan kin samu sarari. Ni yanzu na ɗauko Ganɗoki, ina shafukan farko, tunda yayan Imam ne ya rubuta shi ina son in ji ko bakin gidan ɗaya ne. Idan kin kai wurin da uwar ta bar Fatika ta kama hanya, ki rubuto mini abin da kika ji.