Wasiƙa daga Ingila: yaron da kalma ke ɓace masa

Yaya, ina gaisuwa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Kin tambaye ni yadda muka ƙare da maganar Auta, tunda kin ce naki ma haka yake yi: "Ba ni abin nan... wancan ɗin... na yankawa," alhali almakashi yake nufi, kuma ya san sunansa sarai.

Da farko ki sani ba in'ina ba ce. Mai in'ina ya riga ya kama kalmar, fitar da ita ke masa wuya. Namu kuwa kalmar tana nan cikin kai, lalubo ta ne aiki, kamar wanda ya san mabuɗinsa na cikin ɗaki amma ya rasa inda ya jefa shi. Ni ma ban gane ba sai da malamar ajinsu ta kira ni. A nan dole kowace makarantar gwamnati ta ware malami mai kula da yara masu buƙata ta musamman, shi ya tura mu wurin ƙwararriyar gyaran magana. Sana'a ce sosai, sai mutum ya yi karatunta ya yi rajista da hukuma kafin ya taɓa ɗan wani, ƙungiyarsu ma tun 1945 take. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a ajin yara 30 akan samu kamar biyu masu matsalar harshe, da yawansu da wannan laluben.

Na gwamnati kyauta ne, amma akwai layi. Mun yi watanni muna jira, da aka kira mu kuma zama shida aka yi, aka ce mu ci gaba a gida. Masu zaman kansu cikin 'yan kwanaki za su gan ku, sai dai aljihu ya ji a jikinsa.

Na shiga ɗakin ina zaton zan ga na'urori. Katunan hotuna na tarar, da tabarmar wasa. Ta nuna masa hoton almakashi, ya yi jim, ni kuwa bakina har ya buɗe zan faɗa masa, ta ɗaga mini hannu. Wai in ƙirga goma a zuci tukuna. Wallahi goman nan ta fi shekara tsawo. Da ya kasa, ba ta ba shi amsa ba, sai ta yi ta kewaye da shi: me ake yi da shi, ina ake ajiye shi, dangin me ne? Sannan ta koma ga sauti, ta faɗi farkon kalmar kawai, suka tafa hannu suna ƙirga gaɓoɓinta. Ta ce kowace kalma igiya biyu ake ɗaure ta da su, ta ma'ana da ta sauti, in ɗaya ta kuɓuce sai a jawo da ɗayar. Gara kalma biyar a sati a yi ta juya su, da a zuba masa hamsin.

Nan na tuna mu a gida. Yaro na yin shiru mutum uku sun cike masa magana, na huɗu ya ce daƙiƙi ne.

Na tambaye ta ko Hausar da muke yi masa ce ke rikita shi. Ta ce sam, harshe biyu ba ya jawo wannan, kada mu daina. Amma fa gwajinta da katunanta duk na Turanci ne, ta wannan fannin kun fi mu, domin naki Hausa yake ji dare da rana. Ni da hannuna na zana namu: al-ma-ka-shi tafi huɗu, tsin-tsi-ya tafi uku.

Kafin komai ki kai shi a duba masa kunne, mu ma da haka aka fara. Sannan ki ja kunnen yayyensa su daina amsa masa. Ranar Asabar zan kira ki ta WhatsApp, ki zaunar da shi kusa, Auta ya nuna masa yadda ake tafin.