Wata shida ina amfani da manhajar fassara a Foland

Ranar da na sauka Warsaw don karatu na sauke wata manhajar fassara a wayata, kuma har yau ban cire ta ba. Inda ta fi yi mini rana shi ne kantin kayan abinci. Sai in ɗora kyamara a bayan gwangwani, nan take ta nuna mini cewa "wieprzowina" naman alade ne, "smalec" kuma kitsensa. Wannan kaɗai ya isa in gode mata. Idan ka sauke yaren a waya tana aiki ko babu data, kuma tana furta kalma da murya, abin da ya taimake ni sosai, don rubutun mutanen nan baƙaƙe sun yi masa yawa.

Matsalarta guda ce, kuma ta dame ni. Idan ka bar ta ta gane yare da kanta, kalma ɗaya tilo tana ruɗa ta, sai ta ɗauka Turanci ce ta bar maka ita yadda take. Wata rana na je duba ɗakin haya, na ga ƙaramin allo a ƙofar gida an rubuta "pies". Na haska, ta ce Turanci ne, wato irin fai ɗin nama da ake sayarwa. Ina taɓa ƙofa sai ga haushi. Ashe kare ake nufi, "piyes" suke furtawa. Allah ya taimaka yana ɗaure.

Daga nan na fara tara irin waɗannan kalmomi a ƙaramin littafi. "Pan" da Bature zai ce kaskon suya, a nan girmamawa ce ga namiji, kamar mu ce Malam. "Brat" ɗan'uwa ne, a Rasha da Sabiya ma haka, alhali a Turanci yaro ne fitinanne. "List" wasiƙa ce, "but" takalmi.

Wadda ta fi burge ni ita ce "most". Ba ruwanta da "mafi yawa" na Turanci. Gada ce, ta tsallake ruwa ba ta daji ba, kun ga mu ma muna da namu irin wannan. Haka take a yaren Cek da na Bosniya, kuma daga nan na fahimci sunan garin Mostar, mai tsohuwar gadar nan Stari Most da aka gina a 1566, yaƙi ya rushe ta a 1993, aka sake buɗe ta a 2004.

Ina ba manhajar tauraro huɗu cikin biyar. Duk mai shirin zuwa nan ya sauke ta, amma ya zaɓi yaren Foland da hannunsa tun farko, kuma ya haska jimla gaba ɗaya. Da na yi haka ran nan, da na ga "uwaga" da ke saman allon, wato a yi hattara.