Sharhi: wankin babbar riga mai aikin hannu a wani shagon wanki da guga a Agege

Shagon wanki da guga ne ƙarami a cikin Zangon Agege, na wasu samari 'yan Arewa, kuma abin da ya raba su da sauran shi ne suna karɓar manyan riguna masu ɗinkin hannu da huluna. Kaya iri uku aka gwada su da su a tsakiyar damina: farar shadda mai aska takwas da zaren tsamiya irin aikin Zariya, shuɗiyar riga mai aska biyu da zaren siliki na kanti, sai hula zanna bukar guda biyu. Kuɗin wankin riga ɗaya ya kusa ninka na kaftani sau uku. A wanki sun cancanci kuɗinsu. A shanya da naɗi kuwa da saura.

Tun wajen karɓar kaya za ka gane sun san aikin. Kafin rigar ta ga ruwa sai su jiƙa farin ƙyalle, su danna shi kan zaren ta bayan wuya na kamar minti ɗaya. In launi ya hau ƙyallen, rigar ba za a jiƙa ta ba, wankin sauri za a yi mata ita kaɗai. Shuɗiyar ta ɗan zuba, sai aka ware ta. Wannan gwajin yana da amfani ko da a farar riga, domin mai zanen aiki yakan zana askar da tambarin da tawada kafin a bi da allura, kuma ragowar tawadar tana iya fitowa a wankin farko.

Yadda suke wankin shi ne: ruwan sanyi kamar lita goma a babban baho, cokali biyu na sabulun ruwa marar ƙarfi, a kaɗa shi ya yi kumfa tukuna a saka rigar, a juye, bayanta a waje. Ba ta wuce minti goma a ciki. Jikin shaddar ana cuɗa shi kaɗan, amma aljihu da linzami (ɗinkin bakin wuya) da tambarin baya dannawa kawai ake yi da tafin hannu ana saki, ba dirza, ba burushi. Dauɗar wuya, inda gumi da man gashi ke taruwa, da yatsa suke bi da ɗan sabulu daga ciki. Ɗauraya sau uku, har ruwan ya fito garau.

Ba sa kusantar da Omo ko Ariel ko wani sabulun gari ga rigar tsamiya, kuma suna da gaskiya. Yawancin irin waɗannan an zuba musu sinadarin da ke narkar da tabon jini da na nama, shi kuwa zaren tsamiya daga jikin tsutsa ya fito, don haka sinadarin yana cinsa a hankali har ya yi gashi-gashi ya rasa sheƙi. Hypo, wato bilic, ta fi muni: tana mayar da siliki rawaya, ta kuma ruɓar da shi. Silikin kanti ma, wanda galibi ba na tsutsa ba ne, ƙarfinsa raguwa yake in ya jiƙe, shi ya sa murɗa riga don matse ruwa ke tsinka aiki. Su tawul suke shimfiɗawa, su naɗe wajen aikin a ciki su danne.

Ruwan ma sun kula da shi. Rijiyar burtsatse a unguwanni da dama na Legas tana fitar da ruwa mai ƙarfe, za ka ga ya yi ja in ya kwana a bokiti, kuma shi ne ke barin ɗigon tsatsa a farar shadda. Wanda bai sani ba sai ya ƙara bilic, tabon kuwa sai ya ƙara kamawa. Su suna barin ruwan ya kwanta, su tace na sama don ɗaurayar fararen kaya. Farar rigar ta dawo ba ɗigo ko ɗaya.

Inda aka samu tangarɗa shi ne bushewa. Legas ba Kano ba ce, da za ka shanya riga da hantsi ka kwashe kafin azahar. A watan Yuni da Yuli iskar garin kanta a jiƙe take, kuma wajen aiki ya ninka jikin riga kauri sau da yawa: ga shadda, ga zare a cushe, ga aljihun kansa ninki biyu. Jiki zai bushe ƙarau, aljihu kuwa yana riƙe da laima a ciki. Sun shanya a inuwa, daidai ne, don rana tana koɗar da zare mai launi. Amma a igiya ɗaya suka rataye farar rigar ta kafaɗa, nauyin ruwan ya ja wuyan ƙasa, bakin linzamin ya ɗan karkace. Babbar riga igiya biyu take so, a baje ta a kansu kamar rumfa, a sa mata fanka in babu iska. Sannan suka goge ta da sauran laima, suka naɗe, suka cusa a leda suka ɗaure. Kwana huɗu a ledar nan, warin fumfuna ya fara tashi daga aljihun farar rigar. Da ta kai mako biyu, baƙaƙen ɗigo ne za su fito, su kuwa ba sa fita daga tsamiya sai da ɓarna.

Sitacinsu ma ya yi yawa. Shadda mai kyau da ƙyallinta take zuwa, ɗan kaɗan ya ishe ta, kuma a jiki kawai. Da sitaci ya shiga cikin ɗinki sai ya bushe ya yi fari-fari tsakanin zare, ga shi abincin fumfuna da kyankyasai. Rigar da za a ajiye har wata sallar bai kamata a sa mata shi ba sam.

Guga dai ba laifi. Ta baya suke yi, fuskar aikin a kife kan tawul mai kauri, da farin ƙyalle tsakanin dutsen guga da rigar, wuta matsakaiciya. Haka ne ke sa ɗinki ya tsaya da tudunsa, maimakon ya kwanta ya yi ƙyallin ƙuna. Abin lura ɗaya: in an ɗauke wuta suna komawa dutsen gawayi, kuma tartsatsi guda ya isa ya huda shadda. A ce musu su jira wuta ko su tada janareto. Mai son sheƙi irin na mabuga kuwa, ba su da kayan bugu, wannan sai an aika Arewa.

Hulunan su ne suka fi fitowa da kyau. Burushi mai laushi a bakin ciki kawai, a ɗauraye, a sa sitaci marar kauri, a ɗora kan katakon da ya yi daidai da girman kai har ta bushe. Sun tambayi lambar kowace hula kafin su ɗora, don in katako ya fi hula girma sai ta buɗe, ba ta kuma komawa.

Wanda zai kai musu, ya faɗa tun farko cewa ba ya son sitaci a kan aiki, ya ba su kwana huɗu zuwa biyar maimakon biyu, ya kuma sa hannu cikin aljihun ya taɓa kafin ya karɓa. Da isa gida a fitar da rigar daga leda, a bar ta ta sha iska yini guda, a naɗe ta a tsohon farin zanen gado ba tare da lanƙwasa ta bi ta kan aska ba. Kafur a ƙulle shi a ƙyalle a gefe, kada ya taɓa zare. Turaren mai kuma a shafa shi a 'yar ciki, don in ya sauka kan tsamiya, su kansu sun ce ba su da maganin tabonsa.