Kogin Arkansas a Yuni ko a Agusta: wanne ya dace da mai koyon kayak?

Ɗan uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana karatu a Denver da ke Amurka, abokanka za su je tuƙin kayak, wato ɗan siririn kwale-kwalen nan na mutum ɗaya, a kogin Arkansas farkon Yuni, lokacin da ƙanƙarar duwatsu ke narkewa. Ba ka taɓa shiga kayak ba, amma ka iya iyo sosai, kana so ka san ko ka bi su yanzu ko ka jira Agusta. Ni dai shawarata ka jira, bari kuma in ajiye maka watannin biyu gefe da gefe.

Mu fara da yawan ruwan. Kogin yana tasowa ne kusa da Leadville, cikin duwatsun Rocky na jihar Kolorado, ya gangaro ta Buena Vista da Salida zuwa Cañon City. Abin da ke cika shi a Mayu da Yuni dusar ƙanƙara ce da ta taru a kan duwatsu tun hunturu. Don haka ranar da aka fi zafi ita ke ƙara wa kogin ƙarfi, kuma narkewar la'asar takan iso ƙasa bayan sa'o'i, har cikin dare. Ruwan da ka gani jiya ba lallai shi za ka tarar yau ba. A can ana auna ruwan da ke wucewa duk daƙiƙa da ma'aunin cfs, kuma cfs 1,000 kusan tan 28 ne na ruwa a daƙiƙa ɗaya. Hukumar da ke kula da yankin, Arkansas Headwaters Recreation Area, takan yi gargaɗin a kauce wa wasu sassan kogin masu haɗari: sashen Pine Creek idan ruwa ya kai cfs 1,250, sashen Numbers a 2,400, Royal Gorge kuma a 3,200. A shekarar da ƙanƙara ta zuba sosai, ruwan Yuni yakan zarce waɗannan alkaluma. A Agusta kuwa kogin ya lafa. Akwai yarjejeniyar sako ruwa daga madatsun da ke sama domin a riƙe shi a wajen cfs 700 a ma'aunin Wellsville da ke ƙasa da Salida, daga 1 ga Yuli zuwa 15 ga Agusta. Wannan ruwa ne da mai koyo zai iya karantawa.

Sai sanyi, kuma nan nake so ka tsaya da kyau, domin nan ne iya iyon da ka ambata zai iya yaudararka. Ruwan Yuni jiya-jiya ƙanƙara ne. Rana na dukan bayanka, kana gumi, amma da zarar ka faɗa ciki jikinka zai ja numfashi da ƙarfi ba da saninka ba, idan kuma kanka na cikin ruwa a wannan lokacin, ruwa za ka shaƙa. Bayan wannan sai numfashi ya riƙa fita da sauri-sauri, ka kasa daidaita shi na kusan minti ɗaya. Cikin mintuna kaɗan yatsu su sandare, a jefo maka igiyar ceto ka kasa riƙewa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Ƙara da cewa Salida tana kan tudun da ya haura mita 2,000 sama da teku, ta fi Denver tsayi, numfashi ma a can da ƙyar yake isar baƙo. Shi ya sa ƙwararru ke sa rigar da ba ta barin ruwa ya taɓa jiki ko kaɗan a wannan lokacin. Ruwan Agusta ma ba ɗumi gare shi ba, amma matsattsiyar rigar roba ta isa, kuma idan ka faɗa kana da sauran hankalinka da hannuwanka.

Fuskar kogin ma takan canja. Idan ruwa ya ja baya, duwatsu kan fito, bayan kowane dutse akwai kwantaccen ruwa inda mai kayak zai laɓe ya huta, ya dubi abin da ke gaba. Su ne zangon mai koyo. A Yuni ruwa yakan haye kan waɗannan duwatsu, ya faɗo bayansu yana juyawa, ya riƙe kwale-kwale da mutum yana wujijjiga su. Zangon ya tafi, gangare ya haɗe da gangare, wanda ya faɗa sai ya yi nisa kafin a kamo shi. Ga itatuwan da ambaliya ke tumɓukowa su maƙale a kwana: ruwa yana ratsa rassan ya wuce, jikin mutum kuwa ba ya wucewa. Ana auna wahalar gangaren kogi daga mataki na 1 zuwa na 6. Sashen Browns Canyon, inda aka fi kai baƙi, yawanci mataki na 3 ne, amma a cikar ruwa yakan taɓa na 4.

Kada ka ɗauka Agusta ba ta da nata haɗarin. Ruwa mara zurfi yana nufin idan ka kife kanka na kusa da dutse, don haka hular kwano dole ce. Mafi muni shi ne mutum ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye a ruwa mai gudu, ƙafarsa ta maƙale tsakanin duwatsu, ruwan ya danna shi ƙasa. Ka kwanta rigingine, ƙafafu sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, sai ka kai gaɓa. Ana kuma yawan samun hadari da tsawa da yamma a wannan watan, gara a fita da safe.

Yuni tana da abin da Agusta ba ta da shi, ban musa ba. Manyan igiyoyin ruwa da gudun nan su ne abin da ƙwararru ke jira duk shekara. A tsakiyar watan ake bikin tseren kwale-kwale na FIBArk a Salida, wanda aka fara tun 1949, kuma daga bakin kogi cikin gari za ka ga gwanaye suna wasa da ruwa. Je ka kalla, za ka ƙaru. Idan kuma ranka ya nace sai ka shiga ruwan Yuni, shiga babban kwale-kwalen roba da ake hura wa iska, tare da ƙwararren jagora. A nan wani ne ke karanta ruwan, kai naka tuƙi da bin umarni. A kayak kai kaɗai ne direba, kuma sabon shiga sai ya kife, babu makawa.

Ka yi amfani da Yuni da Yuli ka koyi abu biyu a tafki ko wurin iyo, a hannun malami: yadda za ka fizge robar da ke rufe bakin kayak ka fito idan ka kife, sannan yadda za ka mirgino da shi ka dawo sama ba tare da ka fita ba. Daga nan ka nemi sashe mai sauƙi kamar Milk Run da ke ƙasa da Buena Vista, kafin 15 ga Agusta. Ka tambayi abokan naka wane sashe za su bi, wa ke ɗauke da igiyar ceto, wa ya koyi ceton wanda ruwa ya ɗauka, ku kuma duba ma'aunin ruwa na hukumar USGS, mai binciken ƙasa da ruwa a Amurka, a intanet da safiyar ranar. Rigar hana nutsewa ta zama daidai jikinka, a ɗaure tamau. Allah ya tsare.